Miliyan ɗaya da kwana 33 a furiye

Wayar ta shigo ina kan darduma bayan sallar asuba, ko lazimi ban gama ba. Ɗan yayata ne, wanda ke tuƙa mini mota. Muryarsa na rawa ya ce, "Kawu, ka zo yanzu, mutane sun tsare mu." Na ce haɗari kuka yi? Ya ce a'a. Na ce to me ya faru? Sai ya yi shiru, ina jiyo hayaniyar mutane da Fillanci a bayansa. Kafin ya sake buɗe baki gabana ya riga ya faɗi, don na gane.

Sana'ata kwashe masai ce, a nan Garwa ta ƙasar Kamaru an fi saninmu da masu bidanji. Motata guda ce, tsohuwar Mercedes mai tanki na lita 8,000, da injin zuƙa da tiyo. Shekara 11 ina wannan aiki, daga unguwarmu ta Hausare zuwa Yelwa, Lopere, Rumde Ajiya, gidaje da makarantu da masaukan baƙi. Ba na jin kunyarta ko kaɗan. Da ita na aurar da 'ya'ya biyu, kuma duk wanda masansa ya taɓa cika a tsakiyar damina ya san darajar mai zuwa ya kwashe.

Na hau babur zuwa wani ƙauye a bayan gari ta hanyar Pitowa. Farkon watan Oktoba ne, ruwan sama ya fara ɗaukewa, mayon da ke wurin, wato rafin, ya ja baya, saura ɗan siririn ruwa yana bin tsakiyar yashi zuwa Binuwai. Tun daga nesa wari ya tarye ni. Ga motata an ja ta da baya har bakin gaɓa, tiyo na reto, ga baƙin layi ya malale a kan farin yashi. Samari sun kewaye ta da sanduna. Amma ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Mata ne, sun fi goma, tsaye a gefe guda da bokitai da jarkoki babu komai a ciki, ba mai magana a cikinsu.

Jauron ƙauyen, wato mai garin, Allah ya saka masa da alheri, shi ya shigar da direban da yaron motar zaurensa ya tsaya a ƙofa. Da ba don shi ba, da labarin ya zama wani daban. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, motar tawa ce, yaran ma nawa ne." Ya ce, "Alhaji, wannan ba na farko ba ne. Dare huɗu ke nan samarina na kwana a nan suna gadi." Ya kama hannuna muka gangara kamar taku 200. Nan ya nuna mini ramukan da mata ke tonawa a yashi, ruwa ya tsattsafo su ɗiba da ƙwarya. Shi ne na shansu da na girki, don famfon tuƙa-tuƙan ƙauyen ya lalace tun bazara. Baƙin ruwan nan ta kansu ya bi.

Jandarmomi suka iso wajen ƙarfe takwas. Suka ɗauki bayani, suka ga akwai saura kusan rabin tanki, sai guda ya shiga gaban mota aka raka ta har wurin da aka ware mana a zuba, aka juye, sannan aka wuce da ita furiye, wato inda ake tsare motocin da aka kama. Yaran suka kwana a ofishin jandarma, washegari na sa hannu aka ba ni su.

Ranar ce kuma ma'aikata biyu suka zo daga ofishin kula da muhalli, muka koma wurin tare. Daga baya na fahimci ba haka kawai suka zo su biyu ba: doka ce ta ce ma'aikata biyu da aka rantsar ne za su ga laifi da idonsu, su sa hannu tare a takardar. Suka ɗauki hotuna, suka auna tsawon inda abin ya malala, suka ɗebi ruwa a kwalba, suka tambayi jauro da mata uku. Sannan suka juyo kaina. Takardun mota? Na miƙa. Inshora, takardar haraji? Duk akwai. Izinin muhalli na ɗaukar ƙazantar ruwa? Na yi tsuru. Tun 2012 aka kafa ƙa'idar cewa mai tattara shara ko jigilarta sai ya sami wannan izini daga ma'aikatar muhalli, ni kuwa na sha jin maganar a bakin abokan sana'a, na ɗauka ta manyan kamfanonin Duwala da Yawunde ce. Babban cikinsu ya rubuta, bai ce komai ba.

Bayan kwana biyar aka kira ni na karɓi takardar laifin, da Faransanci, shafi biyu. Faransancina na kasuwa ne, ba ya kai ni ga irin wannan. Na kai wa ɗan maƙwabcina da ke karatun shari'a a jami'ar Ngawundare, ya zo hutu. Muka zauna a ƙofar gida bayan isha'i, ya haska da waya yana karantawa yana fassara mini.

Ya ce, "Baba, da farko ka riƙe wannan: kwana 20 gare ka daga ranar da ka sa hannu ka karɓa. In kana da ja, cikin kwanakin nan za ka rubuta. In sun wuce, ba mai sauraronka." Sannan ya buɗo dokar da aka ambata, mai lamba 96/12 ta ranar 5 ga Agusta 1996, babbar dokar muhalli ta Kamaru. Sashe na 82 ya ce wanda ya gurɓata ƙasa, ko ya ɓata iska ko ruwa, tararsa daga sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1, ko ɗaya daga cikin biyun. In mutum ya sake, a ninka mafi girman hukuncin. Na ce miliyan ɗaya fa, jaka dubu? Ya ce, "Baba, ka gode wa Allah da wannan suka rubuta." Ya nuna mini wata dokar, ta ruwa, mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998. A can, wanda ya gurɓata ruwa yana fuskantar ɗaurin shekara 5 zuwa 15 da tarar miliyan 10 zuwa 20. Na sa ya maimaita har sau biyu. Shekara 11 ina yawo da tanki a gari ban san girman abin da ke rataye a wuyana ba.

Masu ba da shawara ba su yi wuyar samu ba. Wani abokin sana'a ya ce in rubuta cewa ban san komai ba, direba ne ya yi gaban kansa, ni ina gida ina barci. Da na gaya wa ɗalibin, ya girgiza kai, ya ce dokar ta riga ta toshe wannan ƙofa: in laifin ya fito daga wata sana'a ko masana'anta, ana iya ɗora wa mai ita biyan tara da kuɗin shari'a, da kuma gyaran wurin da aka ɓata. Amma gaskiya ba wannan ne ya hana ni ba. Littafina ne.

Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta aikin kowace rana. A daren na ɗauko shi na zauna da fitila. Tsarin da na yi wa ɗan yayata shi ne, kowace safiya in ba shi kuɗin gazuwal, wato man dizal, na sawu uku, shi kuma ladansa jaka 2 a kowane sawu. Wurin zubarwa yana da nisa, hanyar jar ƙasa ce, da damina takan zama taɓo, zuwa da dawowa sai ya ci fiye da awa ɗaya da rabi, in mota ta kafe kuwa ranar ta tafi. To tun daga watan Yuli littafin ke nuna sawu biyar, wata rana shida, da gazuwal ɗin sawu uku. A tsakiyar damina. Ni na rubuta da hannuna, ni na ƙirga kuɗin, har na yaba masa a gaban uwarsa na ce yaron nan akwai himma. Na san nisan hanyar nan kamar tafin hannuna, don shekara shida ni na tuƙa motar da kaina. Lissafin ba ya fita, kuma ban tambaya ba, saboda amsar za ta rage mini kuɗi.

Da safe na kira shi zaure. Na ce, "Gaya mini tsakani da Allah, sau nawa?" Ya ce a wancan mayon ya kai sau goma sha, sauran a wasu kwazazzabai. Ya ce abin ya faro ne da rani, lokacin da manoma kan tare su a hanya su roƙi a juye musu a gona don taki, har su ba da ɗan na goro. Daga nan hannu ya saba da buɗe famfon bayan tanki a inda ba a ce ba. Na ce me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi na ɗauka ka sani." In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ban iya ce masa komai ba.

Yayata ta zo da la'asar, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Auta, in kuɗi ne a nemo, amma kar ka bari a ɗaure mini shi." Na ce, "Yaya, in ɗauri ne tare za a ɗaure mu, ki yi mana addu'a."

Hanyar da ta rage ita ce sulhu da hukuma, kuma dokar da kanta ta tanade shi. Sharuɗɗansa ne ya kamata duk mai irin sana'armu ya sani. Mai laifi ne zai nema da kansa a rubuce, ba za a zo a yi maka tayi ba. Dole a yi shi kafin magana ta shiga kotu, in ta shiga ya wuce. Kuma kuɗin ba zai gaza mafi ƙarancin tarar da doka ta yanka ba. Ɗalibin ya rubuta mini takardar, na amsa laifi a cikinta ba kwana-kwana, na sayi kan sarki na manna, na kai a rana ta tara.

A bakin ƙofar ofishin wani mutum ya tare ni, ba ma'aikacin wurin ba ne, irin masu zaman jiran wanda ya rikice. Ya ja ni gefe ya ce in na kawo jaka 300 zai sa takardar ta ɓace. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan karkata, don tsakanin jaka 300 da jaka 1,000 akwai tazara. Sai na tuna maganar yaron nan mai karatun shari'a: duk kuɗin da ba a ba ka rasiɗinsa ba, ba ka biya komai ba, takarda na nan tana jiranka. Na ce masa Allah ya ba mu alheri, na shige.

Mako guda bayan haka aka kira ni zama. Wata mata ce ta jagorance shi, da ta ga Faransanci na ba ni wuya sai ta koma Fillanci. Na ce, "Ranki ya daɗe, mota guda gare ni, ita ke ciyar da gida uku. A duba ni." Ta ce, "Alhaji, na duba ka, shi ya sa muka tsaya a ƙasan tsani. Ƙasa da miliyan ɗaya ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun wanda ke sama da ni ba." Ta bayyana mini cewa ana yanke kuɗin ne tare da ma'aikatar kuɗi, kuma asusun muhalli na ƙasa yake shiga. Ta ƙara da cewa sai na gyara wurin sun je sun gani, sannan in fara neman izinin da ba ni da shi.

Haɗa kuɗin ya ɗauke ni kwana tara. Na sayar da bijimai biyu da nake kiwo don babbar salla, a farashin mai gaggawa. Uwargida ta kawo kwasar adashinta ta ajiye a gabana ba tare da na tambaya ba. Sauran na ranto wurin wani aminina mai shagon yadi a babbar kasuwa. Na biya, aka ba ni rasiɗi mai hatimi, na yi masa hoto uku a wurin masu kwamfuta, guda a gida, guda a mota, guda wurin yayata.

Gyaran wurin shi ne abin da ya fi zauna mini, ya fi biyan kuɗin nesa ba kusa ba. Na ɗauki leburori shida, na saya musu takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci. Ni da ɗan yayata muka shiga cikinsu, don na ce wanda ya ɓata da wanda ya ci kuɗin ɓatawar ba za su tsaya a inuwa suna nuni da yatsa ba. Kwana uku muna kankare yashin da ya yi baƙi da shebur muna lodawa a tifa. A sama ya bushe ya yi ɓawo, amma da ka sa shebur sai ka tarar ya nutse fiye da kamu ɗaya, ɗanye, da tsutsa. Aka barbaɗa farar hodar nan da ake kira sho, aka cike tsofaffin ramukan mata. Ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba maganin kulorin a rijiyoyi biyu da ke kusa, suka koya wa mata yawan ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, da za su ɗiga a jarka. A gaban jauro da dattawa muka yi namu sulhun: na ɗauki nauyin kawo ruwa a jarkoki da keke mai ƙafa uku har mako biyu, da kuɗin gyaran famfonsu.

A rana ta biyu wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina ina aiki. Ta ce da Fillanci jikarta 'yar shekara uku ta yi kwana huɗu tana gudawa kafin a kama motar, har aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ɗana, a gidanku wane ruwa kuke sha?" Na ce na famfo, Inna. Ta gyaɗa kai ta tafi. Ba zan iya rantsewa cewa motata ce ta sa wa yarinyar ciwo ba, amma ba zan iya rantsewa cewa ba ita ba ce.

Ni kuwa ba baƙon amai da gudawa ba ne. A 2010, da kwalara ta ɓarke a jihar Arewa Mai Nisa ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ƙanwar matata na cikin waɗanda suka tafi, a Mokolo. Da safe ta fara, kafin wata safiyar an yi mata sutura. Na san yadda cutar ke tafiya: daga bayan gidan mai ɗauke da ita zuwa ruwan sha, shi ke nan. Tankina kuwa tarin masan gidaje ne da ban san lafiyar masu su ba. Da a cikin gidajen nan akwai mai ita guda ɗaya, da ba tara muke magana ba yanzu.

Saboda haka ba na cewa an zalunce ni. Miliyan ɗaya ta fi ribar da mota guda ke kawowa a wata shida, ta karya ni, amma daidai ne. Abin da ke damuna shi ne hukuncin yakan tsaya a kan mai lambar mota, don shi ake iya kamawa. Akwai masu kwasa da bokiti da dare, su haƙa rami a bayan katanga su binne, ko su jira ruwan sama mai ƙarfi su saki a kwata ya bi unguwa. Akwai kuma mu mutanen gari. A shekara 11, masu gida nawa ne suka taɓa tambayata ina zan kai? Ba su cika hannu ɗaya ba. Ciniki kawai ake ja, a ce wane yana yi a jaka 20, kai me ya sa ka ce 30? Wanda ke yi a jaka 20 bai sayi gazuwal ɗin zuwa bayan gari ba, kowa ya san haka in ya so sani. A Yawunde shekaru aka yi ana juyewa a fili a Nomayos kafin a buɗe tashar tace ƙazantar masai a Etowa a 2021. Abin da ke hana direba karkata hanya, bayan tsoron Allah da tsoron tara, shi ne wurin zubarwa da mota za ta iya kaiwa a watan Agusta ba ta kafe ba.

Da suka je suka ga gyaran, aka ba ni takardar sakin mota. Nan na tarar kuɗin furiye dabam yake da tara, kowace kwana da nata, kwana 33 cif. Na biya shi ma da rasiɗi. Batir ya mutu, taya biyu sun sace, robar injin zuƙa ta bushe ta tsage. Sai da bakanike ya yini a kanta kafin ta tashi.

Ban kori yaron ba. Na canza tsarin ne. Yanzu albashin wata yake karɓa, ba na sawu ba. Gazuwal ni ke zuwa gidan mai a cika, in rubuta lambar kilomita safe da yamma. Na ƙara layi a littafin, inda mai gadin wurin zubarwa ke sa hannu a kowane sawu, in babu sa hannunsa ba a yi aikin ba. Sawu ya koma uku, da damina biyu. Na ƙara kuɗin aiki zuwa jaka 35, na rasa masu kira da dama, wasu kuma da na yi musu bayani suka tsaya. Takardun neman izinin muhalli na haɗa na miƙa, bashin aminina saura jaka 150.

Watan jiya na koma ƙauyen da katan ɗin sabulu na gaida jauro. Famfon na aiki, jikar tsohuwar nan ta warke, na gan ta tana wasa a ƙofar gida. Amma famfo guda ba ya isar ƙauye, har yanzu ana zuwa mayo. Muka taka zuwa bakin gaɓa, yashi ya koma fari kamar ba a taɓa yin komai ba, sai dai babu rami ko ɗaya a wurin da ya nuna mini da farko. Na tambaye shi. Ya miƙa hannu can sama, bayan wata tsamiya, nesa da inda motata ta tsaya. Ya ce ma'aikatan lafiya sun gaya wa matan cewa wurin ya gyaru, amma sun ƙi. Can suke tona ramukansu yanzu, ko da yake tafiyar ta ninka musu, da jarka a ka, safe da yamma.